Muhawara a kan faifan da Fred Astaire ya yi da makaɗan jaz a 1952

Baban Asiya:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Kwana uku ke nan ina sauraron The Astaire Story, tarin faifan da Fred Astaire ya ɗauka a Los Angeles cikin watan Disamba na 1952, kuma na ga ya dace in kawo zancen nan domin in ji ra'ayin masana. Duniya ta san Astaire a matsayin ɗan rawa, mutumin da ya yi finafinai goma tare da Ginger Rogers, amma a wannan aiki babu kyamara, babu abokiyar rawa, babu babbar ƙungiyar makaɗan fim. Norman Granz, mai shirya faifan jaz, shi ne ya shigar da shi ɗakin ɗaukar sauti tare da makaɗa shida kacal: Oscar Peterson a kan fiyano, Barney Kessel da jita, Ray Brown da babban molon tsaye da ake kira bes, Alvin Stoller a kan ganguna, Charlie Shavers da ƙahon turamfet, sai Flip Phillips da saksofon. Suka ɗauki abubuwa 38, aka fitar da su a faifai huɗu cikin 1953. Astaire yana da shekara 53 a lokacin, Peterson kuwa 27. Ra'ayina shi ne, a cikin dukkan waɗanda suka rera waɗannan waƙoƙi, har da masu muryar da ta ninka tasa, da wuya a sami wanda ya fi shi sanin inda ake ajiye kalma a kan kari. Ina jiran wanda zai musa mini.

Maman Faruk:
Wa alaikumus salam, Baba. Da girmamawa nake faɗa, ni ce zan musa. Na saurari faifan nan fiye da sau ɗaya saboda ƙaunar da nake yi wa kiɗan Peterson, kuma duk lokacin da muryar Astaire ta shigo sai in ji kamar an rage wa fitila lagwani. Muryar siririya ce, ba ta da nauyi a ƙasa, idan kuma ya hau sama sai ka ji yana lallaɓawa kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Ku ɗauki "Cheek to Cheek" ku ajiye ta kusa da wadda Ella Fitzgerald da Louis Armstrong suka yi a 1956, wadda shi dai Granz ɗin ya shirya, kuma Peterson da Ray Brown ɗin ne dai suka kaɗa musu. Makaɗa biyu iri ɗaya, waƙa ɗaya, tazarar shekara huɗu, amma a wajen Ella da Armstrong muryoyin suna ja da kiɗan, suna juya karin, suna ƙaga sabon abu nan take, wanda shi ne abin da muke nufi idan muka ce jaz. Astaire yana bin waƙar yadda aka rubuta ta, ba ya kaucewa. A ganina faifan makaɗa shida ne da suka yi wa wani fitaccen baƙo kara.

Malam Mai Jita:
Hajiya, abin da kika ji a muryarsa gaskiya ne, ba zan yi miki gardama a kansa ba, shi kansa Astaire bai taɓa ɗaukar kansa babban mawaƙi ba. Inda na rabu da ke shi ne cewar da kika yi ba ya kaucewa. Ba ya canza sautukan waƙar, wannan haka ne, amma yana canza lokacinsu. Na shafe shekaru ina kaɗa wa mawaƙa jita, kuma abin da ya fi wahalar da makaɗi shi ne mawaƙi mai zaƙin murya wanda bai san inda bugu yake ba, dole kai ka riƙa binsa kana gyara masa hanya. Shi Astaire akasin haka ne. Yakan shigo da kalma ɗan gaba da bugu, ya riƙe ta ta biyu har bugun ya wuce, sannan ya sauka daidai a kan na gaba ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Ki sake sauraron "Puttin' on the Ritz", wadda Irving Berlin ya gina ta a kan kari mai ruɗarwa, inda nauyin kalmomin ke faɗowa a wurare dabam-dabam a kowace gaɓa. Mawaƙa da yawa sukan daddatse ta kamar masu ƙirga kuɗi, shi kuwa yana ratsa ta kamar yana hira. Wannan sanin daga ƙafafunsa ya fito, domin mutumin da ya fara hawa dandali yana ɗan yaro tare da yayarsa Adele, ya kwashe sama da shekara arba'in yana buga takalmi mai ƙarfe a kan katako, ya riga ya zama makaɗin ganga da jikinsa. Kuma ya iya kaɗa gangunan na gaske, an nuna haka a fim ɗinsa na 1937, A Damsel in Distress.

Ɗan Damagaram:
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Malam, domin akwai tarihin da ya kamata a sa a ma'auni kafin a ce baƙo ne aka yi wa kara. Yawancin waƙoƙin nan domin bakinsa aka rubuta su. Cole Porter ya rubuta masa "Night and Day" a 1932 don wasan dandali na Gay Divorce. Berlin ya rubuta masa "Cheek to Cheek" don fim ɗin Top Hat na 1935. Jerome Kern da Dorothy Fields suka ba shi "The Way You Look Tonight" a Swing Time na 1936, wadda ta ci kyautar Oscar ta waƙa. George Gershwin da yayansa Ira suka ba shi "They Can't Take That Away from Me" da "A Foggy Day" a 1937, shekarar da George ya rasu yana da shekara 38. Duk waɗannan da makaɗan jaz ke juyawa dare da rana har yau, daga bakin Astaire duniya ta fara jin su. Saboda haka a 1952 mai gida ne ya koma gidansa, makaɗan su ne suka zo masa da sabbin kayan ɗaki.

Maman Faruk:
Na karɓi wannan tarihi, ɗan'uwa, amma rigan kowa rera waƙa ba ya nufin fin kowa iya ta. Marubutan nan suna aiki ne da kamfanin fim, kamfanin ya ce ga tauraronmu, ku rubuta masa. Ba zaɓinsu ba ne kaɗai.

Ɗan Damagaram:
Haka ne, Hajiya, sai dai ki dubi irin abin da suka rubuta masa. Da sun ɗauke shi mai rauni, da sun ba shi waƙoƙi gajeru masu sauƙi. Tsarin da aka saba a wancan zamani gaɓa 32 ne (gaɓa ita ce ƙungiyar bugu da ake auna tsawon waƙa da ita), amma jikin "Night and Day" gaɓa 48 ne, "Cheek to Cheek" kuwa ta kai 72, tana hawa tana sauka, tana sauya yanayi a tsakiya. Buɗewar "Night and Day" sauti ɗaya ne ake nanatawa sama da sau talatin a jere, kuma mawaƙin da ba shi da kari a jikinsa zai mai da wannan wuri abin gundura, domin babu hawa da saukar da zai fake a bayansu. Marubucin da ya miƙa wa mutum irin wannan aiki ya amince da shi ne. An kuma san cewa Berlin yana cikin masu fifita shi a kan mawaƙan da suka fi shi murya, saboda yana furta kowace kalma a ji ta, yana kuma kiyaye ma'anar da aka rubuta.

Baban Asiya:
Madalla da wannan bayani. Bari in faɗi abin da ya sa na fi son ɗaukar 1952 a kan ta farko, domin ina da duka biyun. A shekarun 1930 Astaire ya ɗauki yawancin waɗannan waƙoƙi a kamfanin Brunswick tare da manyan ƙungiyoyin makaɗan rawa irin ta Leo Reisman da ta Johnny Green. Faifan wancan lokaci, mai juyi 78 a minti, ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai a kowace fuska, don haka komai a gaggauce yake: makaɗa su buɗe, mawaƙi ya shigo ya rera sau ɗaya, a rufe. Muryarsa a lokacin tana sama, tana da ƙuruciya, amma tana cikin taron ƙahoni da gogen Turawa kamar mutum ɗaya a tsakiyar kasuwa. Da kamfanin Columbia ya fito da faifai mai dogon zango a 1948, sai aka sami sarari. A The Astaire Story wasu waƙoƙin sun haura minti biyar, an rage musu gudu, an sauke su zuwa inda muryar mai shekara hamsin da uku za ta zauna ba tare da wahala ba. Yana rerawa kusa da makirufo, a hankali, kamar yana gaya wa mutum ɗaya magana. Sannan ya yi shiru ya bar Shavers ko Phillips su ɗauki waƙar su zaga da ita, ya dawo ya karɓa. Ni na fara jin jaz ne a rediyo mai gajeren zango, a shirin Willis Conover na Muryar Amurka, ina saurayi, kuma abin da na koya tun lokacin shi ne cewa rabin wannan kiɗa sauraron juna ne. A faifan nan ana jin mutum bakwai suna sauraron juna.

Ɗalibar Tarihi:
Ina neman izini in shigo, ko da yake ni ce ƙarama a cikinku. Akwai abin da ke damuna duk lokacin da aka yabi Astaire a kan kari da bugun ƙafa, domin wannan fasaha tana da masu ita, kuma yawancinsu baƙaƙen fatar Amurka ne da ba a buɗe musu ƙofar da aka buɗe masa ba. Bill Robinson ya rasu a 1949 ba shi da dukiya, bayan ya shafe rayuwarsa yana rawa, kuma a Hollywood an fi tuna shi da rawar da ya yi a kan matakala tare da ƙaramar yarinya Shirley Temple, yana matsayin bara. John Bubbles, wanda ya sauya rawar bugun ƙafa ta hanyar shigo da dunduniya da ƙara sarƙaƙiyar kari, shi ne ya taɓa koya wa Astaire darasi. 'Yan'uwan nan biyu, Fayard da Harold Nicholas, ana saka su a fim su yi rawa ɗaya mai ban mamaki, sannan su ɓace daga labarin. A Swing Time ɗin da Yaya Ɗan Damagaram ya ambata, Astaire ya shafa baƙin fenti a fuska ya yi rawar "Bojangles of Harlem". An ce girmamawa ce, amma al'adar shafa fentin ta samo asali ne daga wasannin da aka gina a kan yi wa baƙar fata ba'a. Tambayata ita ce, me ya sa shi ne ya sami faifai huɗu da sa hannu da hotuna, ba Bubbles ba, wanda shi ma mawaƙi ne, shi ne ma ya fara fitowa a matsayin Sportin' Life a wasan waƙa na Gershwin mai suna Porgy and Bess a 1935?

Baban Asiya:
'Yata, kin yi tambayar da ta fi duk abin da muka faɗa nauyi, kuma ba zan rufe ta da kalamai masu daɗi ba. Amsar ita ce launin fata da kasuwa. Astaire ya sami matsayin jarumi a finafinai masu tsada a zamanin da ba a ba baƙar fata wannan matsayi, sunansa kuma yana sayar da faifai. Fentin nan abin takaici ne, kuma duk kyawun rawar bai wanke shi ba. Abin da zan ƙara shi ne a dubi wane ne ya shirya aikin 1952. Granz ya fara taron Jazz at the Philharmonic a Los Angeles a 1944, kuma yana sa wa a yarjejeniyarsa cewa ba za a raba wurin zaman farare da baƙaƙe ba a duk zauren da makaɗansa za su yi wasa, ya gwammace ya soke wasa ya yi asara a kan ya karya wannan sharaɗi. A cikin mutum shidan nan, Peterson da Brown da Shavers baƙaƙe ne, Kessel da Phillips da Stoller farare, kuma an rubuta sunan kowa, an ba kowa filin da zai nuna gwanintarsa. Wannan bai biya Bubbles haƙƙinsa ba. Amma a Amurkar 1952, shekara biyu kafin Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati, ba ƙaramin abu ba ne.

Malam Mai Jita:
Akwai wani labari da ya shafi Kessel wanda ke nuna yadda zamanin yake. A 1944 an yi wani gajeren fim mai suna Jammin' the Blues, wanda Gjon Mili ya ba da umarni, Granz kuma yana cikin masu shirya shi. Kessel ne kaɗai farar fata a cikin makaɗan, sai aka ajiye shi a cikin inuwa domin kada masu kallo su gane farare da baƙaƙe suna kiɗa tare. Shi wannan Mili ɗin ne ya ɗauki hotunan da ke cikin kundin Astaire, David Stone Martin kuma ya yi zane-zanen. Fitowar farko kwafi 1,384 ne kawai, kowanne da sa hannun Astaire.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode, Baba, da ba ka kauce wa tambayar ba. Zan saurari faifan da wannan a raina, amma ba zan daina ambaton sunan Bubbles ba duk inda aka ambaci na Astaire.

Maman Faruk:
Ina goyon bayanki a kan haka, ƙanwata. Malam, na bi shawararka na koma na saurara da daddare, wannan karon na bar muryar na bi lokacin. Zan faɗi gaskiya, abin da ya fi kama ni su ne wurare ukun da ya daina waƙa ya tashi ya yi rawa, ɗaya da sauri, ɗaya a hankali, ɗaya tsaka-tsaki, makaɗan suna binsa ba tare da an tsara komai ba. Ba ka ganin komai, ƙarar ƙarfen takalmi kawai kake ji a kan katako, tana amsa wa fiyanon Peterson, tana barin gurbi, tana cike gurbi. A nan kam na yarda ɗan ƙungiyar ne, na bakwai ɗinsu. Abin da har yanzu ban yarda da shi ba shi ne a kira shi mawaƙin jaz. Idan na ji Billie Holiday ta ɗauki waƙa, ko muryarta ta gaji kamar yadda ta yi a shekarunta na ƙarshe, tana sake gina karin waƙar daga tushe, ta mai da ita tata. Astaire yana mayar wa marubucin waƙarsa yadda ya ba shi ita, a goge, a ninke.

Malam Mai Jita:
Wannan kwatanci na Billie Holiday ya yi daidai, Hajiya, musamman da yake a shekarar 1952 ɗin ita ma ta fara ɗaukar faifai a wajen Granz, kuma Peterson da Kessel da Brown da Shavers da Phillips da Stoller duk sun kaɗa mata a wannan shekara. Wato ƙungiya ɗaya ce ta zauna a bayan mawaƙa biyu masu ƙaramar murya, kowanne da hanyarsa. Ni dai ban damu da sunan da za a ba shi ba. Abin da na sani a matsayina na makaɗi shi ne, idan ina so in koyi ɗaya daga cikin waƙoƙin nan kafin in fara juya ta, wajen Astaire nake zuwa, domin a nan zan ji ainihin karin da marubucin ya sa, har da buɗewar da mawaƙa da yawa ke yarwa. Daga nan sai in je wajen Holiday ko Ella in ga abin da za a iya yi da ita. Mawaƙan da suka biyo baya ma sun san da haka, shi ya sa Mel Tormé ya yi faifai guda na waƙoƙin Astaire a 1956, Tony Bennett ya yi nasa a 1993.

Ɗan Damagaram:
Wani abin da ba mu taɓo ba shi ne tasirin aikin a kan Granz kansa. Tattara waƙoƙin Berlin da Gershwin da Porter da Kern a kundi ɗaya mai tsada, a ɗauke su da muhimmancin da ake ba kiɗan gargajiyar Turai, ba abu ne da aka saba yi ba a 1952, lokacin da ake ganin waƙar fim abar yayi ce da ke wucewa da fim ɗinta. Shekara huɗu bayan haka ya kafa kamfanin Verve, ya fara jerin kundayen Ella Fitzgerald da wanda ta rera waƙoƙin Cole Porter a cikinsa. Ina ganin hanyar da ta kai ga waɗancan ta bi ta kan wannan. An shigar da The Astaire Story cikin zauren girmamawa na Grammy a 1999, shekara goma sha biyu bayan rasuwar Astaire.

Baban Asiya:
Hajiya Maman Faruk, kin ba ni rabi kin riƙe rabi, kuma na gamsu da rabin da na samu. Ina roƙon ki da abu ɗaya kafin mu tashi. Kusa da ƙarshen faifai na huɗu akwai "Not My Girl", waƙar da Astaire yake cikin waɗanda suka tsara ta tun yana matashi. Shi ne ya fara zama a kan fiyano ya kaɗa ta da tsohon salon da hannun hagu ke tsalle tsakanin ƙasa da tsakiya, salon da ya taso yana ji a New York, sannan ya tashi ya ba Peterson kujerar. Ki saurari wurin da hannu ya canza, ki gaya mini ko kin ji abin da na ji. Malam Mai Jita, kai kuma ina so ka duba mana abin da Kessel ke yi a bayan muryar a "They Can't Take That Away from Me", domin kunnena ya kasa raba jitarsa da hannun hagun Peterson a wasu wurare.

Malam Mai Jita:
To, Baba, zan zauna da ita gobe bayan sallar isha'i, in saurara da jitata a hannu, abin da na gano zan rubuto shi a nan.